Atamfar Da Aka Kushe

Shekarar da mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya uku, jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba, Tudun Wada kuwa gidaje ne jefi-jefi. Dillanci na kama. Ina karɓo atamfa a kantin wani Bature, in shiga da ita gidajen matan kulle. Da ita muke ci.

Wata rana Baturen ya so ya san wadda zai sa a kawo daga ƙasarsu, ja mai furanni ko shuɗiya. Ya ba akawunsa ƙyalle biyu, ni ma ya ba ni biyu.

Akawun, ɗan makarantar Mishan, ya tsaya a bakin kasuwa da takarda, duk wanda ya gifta ya tare shi: "Wacce ta fi kyau?" Mutanenmu da kara, ga jar tana ɗaukar ido, kowa sai ya ce, "Kai, madalla da wannan!" Shi kuwa sai zana alama yake.

Ni na shiga gidaje na baje a tabarma, na kama hirar duniya. Jar ta sha yabo, amma daga nesa. Shuɗiyar kuwa a murza ta, a ɗaga ta a rana, a shafa mata yawu a gani ko tana zuba, sannan a yatsina fuska: "Wannan ai shara-shara ce. Nawa ma kika ce?" Na san halinmu sarai. Mace ba ta yabon abin da za ta taya, kada ya yi tsada.

Na ce wa Bature shuɗiya. Akawun ya yi dariya har da riƙe ciki. "Inna, wadda aka zaga?" Bature ya ce zai kawo rabi da rabi, in tawa ta kwanta ya nemi wata dillaliya. Gabana ya faɗi, amma ban janye ba.

Kaya suka iso. Kafin sati biyu shuɗiya ta ƙare ƙaf, ja na jibge tana shan ƙura. Ban taɓa jin kaina ya kai ranar girma ba, ni da ban san ko baƙi ɗaya na boko ba.

Akawun ya zo har zaurenmu, ya tuɓe takalmi. "Inna, ki koya mini tambayar da kike yi musu."

Na ce, "Malam, ni ai ban taɓa tambayar su komai ba."