Doka Ko Duka a Wasiƙar Mahaifina

Shekarun baya, tun wayar hannu ba ta iso mana Rano ba, mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yakan bar mu da damina ya tafi Unguwar Gai a ƙasar Kibiya. Yayarsa ce a can, mijinta ya rasu ya bar ta da gona da ƙananan yara, shi ne yake zuwa ya yi mata noma, sai ya yi mako biyu ko uku. In yana da saƙo, sai ya rubuta da ajami ya ba direban motar kasuwa ya kawo. Mahaifiyata ba ta karatu. Ni ne babba a gidan, shekarata goma sha bakwai, ina kuma ji da kaina a ajami. Saboda haka in wasiƙa ta zo, ni ne malamin gida.

A wannan shekarar ƙannena tagwaye, 'yan shekara tara, suka tsiri zuwa wanka a kududdufin bayan unguwarmu. Rannan ɗayansu ya zurma inda ruwa ya fi ƙarfinsa, sai da wani makiyayi ya miƙa masa sanda ya jawo shi. Labari ya kai wa mahaifina. Bayan kwana biyu sai ga wasiƙa.

Na kifa turmi na zauna, na gyara murya. Na karanta gaisuwa, da labarin gero ya yi kyau, har na zo layin ƙarshe: "Maganar yaran nan da kududdufi, a yi musu duka kafin in dawo."

Gara in faɗi gaskiya, layin nan ya yi mini daɗi. A makon ne tagwayen suka ɓarar mini da tawadar da na wahala wajen haɗawa. Ban ma ninke takardar ba na fita na karyo tsumagiya a jikin tsamiyar ƙofar gida.

Wanda ya nutse ya ce, "Yaya, don Allah sake dubawa."

Ɗan'uwansa ya ce, "Ni dai ban nutse ba, shi ne ya nutse."

Mahaifiyata tana tsintar wake, ko kai ba ta ɗaga ba. Ba ta kiran sunana don ni ɗan fari ne, sai ta ce, "Kai, ajiye wannan abin ka maimaita mini."

Na maimaita har sau uku. Na ma kai mata takardar gaban idonta ina nuna harafin da yatsa, kamar hakan zai sa ta iya karatu.

Ta ce, "Shekara ashirin ina gidan nan, ban taɓa ganin babanku ya ɗaga hannu a kan ko akuya ba. Ko dai ba shi ya rubuta ba, ko kuwa karatun naka da saura. Ba mai taɓa mini yara sai an ji daga bakinsa. Gobe ka hau keke ka je ka tambayo."

Da sassafe na kama hanya, ina tuƙi ina shirya yadda zan dawo in ba ta kunya. Na sami mahaifina a gona da hantsi, ya naɗe wando, gumi ya jiƙa masa riga. Da ya gan ni sai ya saki garma.

"Lafiya? Yaran ne?"

Na ce lafiya lau, na miƙa masa takardar, na ce Inna ce take musun abin da ya rubuta.

"Me na rubuta?"

"Ka ce a yi musu duka."

Ya dubi takardar, ya dube ni, sai dariya ta kama shi har ya zauna a kan kunyar gero. Da ƙyar ya ce, "Doka na ce, malam. A yi musu doka."

A nan na tuna abin da na sani tun ina ƙarami. A ajami, wasalin da ake kira rufu'a shi ne "u", shi ne kuma "o". Doka da duka rubutunsu ɗaya ne, ba bambancin ko ɗigo. Mai karatu ne yake zaɓa.

Ya share hawayen dariya da gefen rigarsa, ya ce, "Hanya biyu takarda ta ba ka. Me ya sa ka ɗauki wannan?"

Na sunkuyar da kai na ba shi labarin tawada. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ashe tawadarka ka karanta, ba tawa ba. Innarku kuwa ba ta san harafi ɗaya ba, amma ta fi ka karatu."

Ranar bai ƙarasa noman ba. Ya sallami yayarsa a kan zai komo jibi, ya karɓi keken, ya ɗora ni a baya kamar ƙaramin yaro. Da muka shiga gida tagwayen suka ɓuya a bayan rumbu. Ya kira su ya kafa musu dokar da bakinsa: ba mai zuwa kududdufi sai tare da shi. Washegari kuwa shi ya kai su. Ya shiga ruwa har ƙirji, yana tallafe da cikin kowannensu yana koya masa iyo, ni ina bakin ruwa riƙe da riguna. Mahaifiyata ta hura wutar tuwo da tsumagiyata. Har na yi aure tagwayen nan ba su daina kirana Malam Duka ba.

Bayan rasuwarsa, muna gyara kayan mahaifiyata, sai na ga wasiƙar a ƙasan adakarta, naɗe a cikin tsohon ɗankwali. Na ce, "Inna, ke da ba ki karatu, me kika ajiye ta yi?" Ta ce, "Ita kaɗai ce wasiƙar da na taɓa karantawa daidai."

Yanzu ni ma ina da 'ya'ya, suna kuma ɓarar da abin da ya fi tawada. Duk ranar da raina ya ɓaci, kalmar nan takan tsaya mini a gaba yadda ya rubuta ta, harafi huɗu da rufu'a ɗaya, tana jira in zaɓa. Sai in yi masa addu'a, Allah Ya haskaka kabarinsa, in karanta ta yadda Inna ta karanta.