Na'urar da Yaya Bala Ya Buɗe wa Baki

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar Yaya Bala, amma har gobe idan na ji wani yana cewa taurin kai ne ya kashe masa sana'a, sai raina ya ɓaci. Ni ƙanwarsa ce, ni kaɗai ke da izinin yi masa wannan tsiya.

A zauren gidanmu na Ƙofar Jatau ya buɗe wurin gem, wato wasan bidiyo, da talabijin ɗaya da na'ura ɗaya, yaran unguwa suna layi bayan la'asar. A lokacin kamfanonin ƙasar waje biyu ne ke kokawa a kan kasuwar, kowanne yana ɗaure mai saye da kayansa. Kaset ɗin wannan ba ya aiki a na'urar wancan. Abin haushin ma, ko a kamfani ɗaya, kaset ɗin da aka yi wa wata ƙasa ba ya shiga bakin na'urar da aka yi wa wata.

Yaya ya taɓa sayo kaset cike da kwali a hannun 'yan gwanjo, ya dawo gida duk suka ƙi shiga. Bai mayar ba. Ya aro magagari wurin maƙeri, ya zauna yana goge bakin na'urar har ya buɗe. Na ce, "Yaya, za ka lalata ta." Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "A birnin nan kin taɓa ganin zauren da ke korar baƙo? To ba a gidanmu za a fara ba." Kaset ya shiga, gem ya tashi, yara suka ɗauki ihu.

Daga baya sabuwar na'ura mai faifai ta fito, wani ya kawo ta Tudun Jukun, yaranmu suka koma can. Na ce wa Yaya in kiɗa ya canja rawa ma canjawa take yi. Ya ce ba zai zubar da kwalin kaset mai lafiya don wani a ƙetaren teku ya sake shawara ba. Yaran zauren suka yi ta raguwa har ya zama saura 'yan ƙalilan. Ba zan ɓoye ba, ya yi asara, kuma ta ci masa rai. Amma kullum bayan la'asar sai ya share zauren ya kunna, har ciwo ya kwantar da shi.

Yanzu ɗana yake gaya mini wai masu ƙera na'urorin suna shirin yin waɗanda ba su da baki gaba ɗaya. Ba kaset, ba faifai, ta waya gem zai zo, ranar da suka ga dama su ɗauke abinsu. Da Yaya na nan, na san zai tambaya me mutum ya saya ke nan. Gidan da aka toshe wa zaure, ko magagari bai da inda zai kama.

Na'urar tana ɗakina, bakinta a buɗe kamar na mai wushirya, kuma har yau tana kunnuwa. Da tsohuwar zuma ake magani. Kwanaki ɗan nawa ya kira ɗan gwangwan ya ce tarkace ne. Na tsaya a bakin ƙofa na ce musu wanda zai fitar da ita daga gidan nan, sai ya jira a fitar da ni tukuna.

Allah Ya jiƙan Yaya Bala, Ya buɗe masa ƙofa kamar yadda bai taɓa rufe tasa ba.