Selina Ta Ƙi Yanke Mutanen Gefe

Ƙarfe shida na safe Mama Selina Dachung take shiga jirgin ƙasa a Largo, wani gari da ke kusa da Washington a Amurka. Shekara ashirin da biyu tana aiki a ɗakin ajiyar tsofaffin hotuna na wata cibiyar bincike a Washington: ta share hoto, ta ɗora a na'ura, ta shigar da shi kwamfuta. Wa ya san da ita? Babu.

Bara aka kawo mata hotunan sassaƙen Elam, tsohuwar daular da ta yi zamani a ƙasar Iran ta yau. A fili mutanen nan suke ibada. A jikin dutse suka sassaƙa allolinsu da manyansu, a gefe kuma ga jama'a ƙanana a jere. Sabon shugaban sashe ya ce lokaci ya ƙure, a ɗauki manyan, a yanke na gefe.

Pauline, abokiyar aikinta 'yar Kaduna, tana wurin. Ita ta ba ni labari cewa Mama Selina ta cire tabarau ta dubi shugaban. "Ranka ya daɗe, in ka yanke su, wa ya zo ibadar?"

Ya ce ko ta bi umarni, ko kwantiraginta ya ƙare a Disamba. Pauline ta ja ta gefe. "Haba Mama! Masu bautar gumaka ne fa, sun mutu tun tuni. Ki rufa wa kanki asiri."

"Ba addinina ba ne, na sani. Amma da aka ƙone cocinmu a ƙauye, shekara biyu muna sujada a kan dutse, rana na dukanmu. 'Yan jarida suka zo, suka ɗauki fasto da ɗan majalisa. Mu ko ƙafarmu ba ta fito ba."

Ta ɗauki hotunan cikakku, ko mutum ɗaya ba ta bari ba. Disamba na yi aka sallame ta, wai ritaya. Ritayar me! Kora ce, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Mama Selina, ke ce mai taurin kan da muke alfahari da shi. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku kuma da ke riƙe da ƙananan ayyuka a garin nan, ranar da aka ce ku yanke wani don shi ba kowa ba ne, ku ƙi. Ita ta ƙi, ta rasa aikinta, kuma jiya a Largo ta ce mini ko gobe aka sake, haka za ta yi.