Matar da Ta Zaɓi Shimfiɗa Kartarta

Tsohon likitan ma'aikatan jirgin ƙasa ne ya fara kawo wasan karta na birij ɗakin shaƙatawar 'yan fansho, a shekarar da aka sauya rufin ginin. Shi ya kafa ƙa'idarsa: mutum huɗu, biyu-biyu, a yi tayi kamar a kasuwa, wanda ya fara ambaton launin, wato irin kartar, da tayi ya tsaya a kai shi ke jan wasa, abokinsa ya shimfiɗa kartarsa a fili ya kame baki, sauran biyun su tare hanya. Likitan kuma ya ce duk wanda ya yawaita jefa wani launi alhali yana riƙe da wanda aka nema, ya bar tebur.

Inna Mai Tebur ta gaji kula da ɗakin. Kullum da hantsi takan buɗe tagogi, ta goge tebura, ta ware kartar da ta lanƙwashe, ta zauna wa wanda ya rasa abokin wasa. A jan wasa ba ta da na biyu: takan ɓoye babbar kartarta, ta bar abokan hamayya su ci zagayen farko, sai hanyarsu ta yanke ta sauke musu ita.

Saboda haka Shugaban ƙungiyar 'yan fanshon ya rasa gane kanta da ta koma abokiyar wasan Baba Safiyo, tsohon mai awon filaye da mantuwa ta fara kamawa. In suna tare hanya, sai ta jefa masa karta ta ishara, ya dube ta ya ce, "Wannan kyauta ce?" Sau da dama ya saɓa launi, har aka fara zancen ƙa'idar likita. Ita kuwa tayinta ya rikice: tana da hannu mai ƙarfi, sai ta ƙi ambaton launinta, ta bi nasa. Kofin gasar garuruwa da ƙungiyar ta saba ɗauka ya koma wani gari.

Shugaba ya tare ta. "Inna, tsufan ya taɓa ki ne ke ma, ko mu ne ba mu gane ba?"

"Ranka ya daɗe, in yana tare hanya dole sai ya tuna abin da na jefa, kuma ba ya tunawa. In shi ke jan wasa, komai na gabansa a shimfiɗe, kamar fili. Hannunsa bai manta awo ba."

"To saɓa launin fa?"

"Mai shimfiɗa, duk da kame bakinsa, yana da izinin tambayar abokinsa ko launin ya ƙare masa. Duba ƙa'idarka."

Shugaba ya duba, ya tarar haka ne, ya kuma tarar bai san wanda zai hukunta ba. Ranar, a wurin wasa, ya ji ta ce, "Baba, babu irin wannan a hannunka?" Baba ya laluba, ya yi dariya: "Ga ɗan banzan ya ɓuya!"

Inna, ke ce gwanar da ta ajiye gwanintarta a kan tebur don wani ya taka. Mun gode, Allah ya saka. Masu ƙarfin hannu su yi koyi.

Yanzu da take shirin ajiye aiki, ga abin da aka samu: kofi, babu; ƙa'idar likita, tana nan ba a karya ba; kujerar Baba Safiyo ta kusa da taga, har yau shi ke kanta.