Yaɓen Ƙasa a Kan Fenti

Ikrima ɗan ƙauyenmu ne, nan gefen Kunci, kuma tun yana saurayi ya tsani fartanya kamar ciwon haƙori. Da tsohuwar kyamara guda ya fara, yana ɗaukar biki da suna da saukar karatu. Mu kuwa muka ce yaron nan ya lalace.

Rannan wani darakta mai suna Tasi'u ya zo daga Kano neman inda zai ɗauki fim ɗin ƙauye. Ya leƙa gidan su Ikrima: katangar ƙasa, rumbu biyu, ɗakin ciyawa, ga mahaifiyarsa Inna Furera tana sussukar gero a tsakar gida. Ya ce nan ne. Daga nan 'yan fim suka riƙa tururuwa. Ikrima ya sayo janareto, ya ƙaro fitilu da makirufo yana ba su haya, har ya zama ba sai sun ɗauko kaya daga birni ba. Cikin shekara huɗu ya zama Alhaji, mu da muka zage shi muka koma zuwa gaisuwa.

Abu ɗaya ke cin ransa: kunya. Manyan baƙi a gidan ƙasa! Rani guda ya rushe komai har rumbunan, Inna tana kuka. Ya tayar da ginin bulo, ya shimfiɗa tayil, ya shafa fenti ruwan hoda, ya kafa allo mai cewa SITIDIYO.

Tasi'u ya dawo da tawagarsa, ya daɗe tsaye a ƙofa.

"Alhaji, ina ƙauyen?"

"Ai mun ci gaba, darakta."

"Allah ya sanya alheri. Amma irin wannan ai shi muka baro a Kano."

Suka juya mota sai wani ƙauye can wajen Shanono, daga baya ma 'yan fim suka koma zuwa da kayansu daga birni. Wata takwas fitilun Ikrima na kwance a kwali.

Makon jiya na bi ta wajen, na tarar da magina suna kwaɓa ƙasa da ciyawa suna yaɓawa a kan fentin. Wallahi na tausaya masa, amma sai da na yi dariya. Ikrima na tsugune gaban Inna, yana roƙon ta nuna masa daidai inda rumbunan suke a da.

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Na manta," ta ce. "Kuma tayil ɗin ɗakina, kada wanda ya taɓa min."