Ranar da Manoma Suka Tuge Turakun Taubashina

Akwai wata Asabar da ko tsufa ya kwashe mini komai, ita kam ba zai taɓa ta ba. Shekarun nan ne da aka ƙirƙiro jihar Jigawa ba da daɗewa ba, ina koyarwa a wata firamare a Kiyawa, kuma duk arzikina a duniya wani tsohon babur ne.

Wanda abin ya faru da shi ɗan gwaggona ne, taubashina, don haka ba na raga masa. Yana digirin digirgir a fannin fiziks a Zariya, kuma shi ne wanda ake ji da shi a gudun dogon zango a duk yankinmu. Ina kiransa Dokta Barewa. Nakan ce masa ya zaɓi ɗaya, ko littafi ko gudu, kafin ya tashi a tutar babu. Sai dai ya yi dariya ya ɗaure takalminsa.

Bincikensa na neman ruwan ƙarƙashin ƙasa ne. Yana da wata na'ura mai kamar akwati, da dogayen wayoyi da turakun ƙarfe. Ya kafa turakun, ya tura lantarki cikin ƙasa, ya rubuta abin da allurar na'urar ta nuna, sannan a matsar da turakun gaba a sake. Wasu ɗalibai mutane suke ɗauka su yi musu wannan matsarwa. Shi kuwa da gudu yake yi da kansa, ya je ƙarshen waya ya dawo, ya je ɗaya ƙarshen ya dawo, tun safe har rana ta take. Wai atisayensa ke nan. Aikina kawai in zauna gaban akwatin in kore awaki.

A wannan makon abubuwa biyu suka haɗe masa. Na'urar ta aro ce, ranar Lahadi za a mayar da ita, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma da zarar ruwa ya sauka awon ya ɓaci sai wata shekara. Ranar Asabar ɗin kuma bayan la'asar za a yi tseren tantancewa a Dutse, mutum biyu kacal za a ɗauka su wakilci jiha a wasannin ƙasa. Ya haura talatin, ya san in ya rasa wannan babu wani. Don ya rage wa ƙafafunsa aiki, ranar Juma'a ya bi layin awon na ƙarshe ya kakkafa turaku, ya ɗaura wa kowanne jan ƙyalle, da nufin mu gama da hantsi ya huta.

Da muka iso da sassafe babu turke ko ɗaya. Ashe layin ya ƙetare cikin gonakin wani ƙauye da ba mu je mun gaida mai garinsu ba. A lokacin kuwa kowa ya san abin da turke mai jan ƙyalle yake nufi: ana yanka filaye don gine-ginen sabuwar jiha, duk gonar da aka kafa wa irinsa ta tafi ke nan. Mutanen suka bi suka tuge su tas, suka zube a ƙofar gidan mai gari, suka zauna jiran masu su.

Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce masa mu bar musu ƙarafan mu kama hanyar Dutse, ko kuwa ya haƙura da tseren. Shi kuwa sai ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida mai gari, ya bi dattawan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar iyali da dabbobi. Ya ce laifinsa ne da ya shiga gonar mutane ba sallama. Ni ina gefe ina ta leƙa agogo kamar in yi kuka, shi kuwa ko sau ɗaya bai dubi nasa ba.

Ba su yarda ba. Wani ya ce duk masu awo da daɗin baki suke zuwa. Sai taubashina ya nemi izini ya kafa turaku a nan ƙofar gida, ya kira mai gari ya ga inda allura ta tsaya. Ya karɓi buta ya tsiyaya ruwa a wurin, allura ta motsa. Ya ce abin da yake nema ke nan a ƙarƙashin gonakinsu, ba gonakin ba. Wani tsoho da ya haƙa rijiya uku duk ya tarar da dutse ya matso kusa.

"Yaro, wannan akwatin naka zai ba mu ruwa?"

"Baba, ba zan yi maka alkawarin ruwa ba. Amma zan iya nuna muku inda in kun haƙa wahalar banza za ku sha."

Wannan gaskiyar ce ta saye su. Sai dai rana ta riga ta yi sama, kuma in ya yi awon da gudu yadda ya saba, da me zai yi tsere? A nan bakina ya yi amfani, na fasa wa mai gari zancen tseren Dutse. Ya dubi siraran ƙafafun nan ya girgiza kai, ya ce a tashi. Magidanta suka jeru a kan layi, kowa da turke da guduma, taubashina kuwa yana zaune gaban na'ura yana ɗaga hannu suna matsawa. Sau biyu wani ya kafa ba daidai ba, sau biyu ya ce a sake, ni kuwa kamar in shaƙe shi. Sai da ya rubuta lamba ta ƙarshe, muka yi azahar tare da su, sannan ya hau bayan babur.

Mun shiga filin wasa ana kiran sunaye. Zagaye ashirin da biyar ne. Har zagaye na ashirin yana na biyar, na riga na fara shirya kalaman ban haƙuri. Daga nan ya fara cin su ɗaya ɗaya, fuskarsa ba ta canza ba. Ya shigo na biyu, da tazarar da ba ta fi taku uku ba tsakaninsa da na uku. Ni da nake tsokanarsa kullum, sai ga ni ina share hawaye da hular kaina.

A hanyar komawa na tambaye shi yadda ya iya zama gaban dattawan nan alhali tsere na jiransa. Ya ce a lokacin ba shi da wani tsere, mutane ne a gabansa suna tsoron rasa gonakinsu.

Bayan shekara biyu ya zama dokta na gaske, na rasa sunan tsokana. Abin da na koya a ranar shi ne, ni da nake da aiki ɗaya tak, kullum rabin hankalina yana wani wuri. Shi da yake ɗauke da biyu, duk wanda ya zo gabansa shi yake ba dukkan kansa, sai ya gama sannan ya ɗaga ido.