Hira ta Huɗu da Gwaggo Halo

Shekara talatin da ɗaya Gwaggo Halo ta yi a ɗakin haɗa waya na wani babban otal, wani ɗan ƙuƙumin ɗaki a bayan matakala, ko taga babu. A lokacin ba kowa ke yawo da waya a aljihu ba. Duk mai neman wani baƙo sai ya bi ta hannunta: ta ɗauka, ta gaishe shi da Turanci, ta cusa igiya a ramin ɗakin da yake so. Baƙi da yawa sun tafi suna zaton Baturiya ce a zaune a wurin. Da Turancin nan ta riƙe 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta, da shi ta gina ɗaki biyu da falo. Yaran unguwa suka laƙaba mata Halo, ta yi faɗa har ta gaji, sunan ya bi ta. Maganar gaskiya kuma, tana da ji da kai. Ko mai karanta labarai a rediyo ya yi tuntuɓen harshe, daga kan kujerarta take gyara masa, har da tsaki.

Turancin ne ya haɗa ta da jami'a. Wata rana wata ɗaliba siririya ta zo otal ɗin da rakoda a jaka, ta ce suna ɗaukar muryar mutum arba'in, direbobi da teloli da ma'aikatan jinya da akawu. Suna son sanin yadda Turanci yake bambanta daga sana'a zuwa sana'a, daga tsoho zuwa yaro, da yadda yake sauyawa a baki ɗaya idan shekaru sun ja. Bayan kowace shekara goma za su dawo. Suka kuwa dawo, sau biyu. Ɗalibar ta zama dakta, ta zama Farfesa, ta yi ƙiba, ta yi furfura. A zuwanta na uku har ta nuna wa Gwaggo muryarta a fuskar kwamfuta, zane-zane kamar haƙoran zarto, ta ce hatta shirun da mutum yake yi tsakanin kalma da kalma suna aunawa. Ranar Gwaggo ta sha dariya, ta ce ashe akwai masu cin albashi a kan shirun mutane.

Yanzu ba abin dariya ba ne. Kusan shekara guda ke nan abubuwa suna sulale mata. Ta tsinci tabaranta a cikin firji. Ta tsaya a tsakiyar falo da tsintsiya a hannu, ta rasa abin da ya kawo ta. Buta biyu ta ƙona a kan risho. Mafi muni, kalmomin Turanci sun fara guduwa ɗaya bayan ɗaya, ƙananan ma, irin na 'yan aji ɗaya. Ta taɓa kwashe yini cur tana neman sunan cokali.

Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta san zancen butocin. Ta faɗa mata ba wasa a fuskarta: “Inna, aka kuma, kin bar gidan nan. Ga ɗaki can a wurina.” Gwaggo ta san ɗakin, a bene hawa na uku, inda ake ajiye kekunan jikoki. Ta kuma san abin da ke biyo bayan irin wannan ɗaki. Yayarta haka ta fara, da mantuwar 'yan abubuwa, ta ƙare ana kulle ta daga waje don kada ta fita ta ɓata, tana buga ƙofa tana kiran mutanen da suka daɗe a ƙasa. Duk sanda Gwaggo ta tuna ƙarar bugun nan sai tsoro ya kama ta. Don haka ta koyi ɓoyewa. Ta rage magana, ta ƙara barkwanci, idan kalma ta ɓace sai ta yi tari.

Tsautsayi, ranar da Farfesa ta kira, Auta ce kusa da wayar. Ta amsa da murna, ta sa rana, har ta ce za ta ɗauki hutu a wurin aiki ta zo ta ga Innarta tana zuba Turanci kamar da. Gwaggo ta ce tana mura. Auta ta ce kafin sati biyu ai ta warke.

Sati biyun nan Gwaggo ba ta huta ba. Ta sayi littafin rubutu, ta bi ɗaki-ɗaki tana rubuta sunan kowane abu da Turanci, tana maimaitawa a gaban madubi. Ta kunna rediyo tana bin mai labarai a baya, ita da a da take gyara masa. Tana iya yaudarar Auta, tana iya yaudarar maƙwabta. Amma na'urar nan ba ta da kara. Za ta ajiye muryar yau kusa da ta shekara goma da suka wuce, ta ƙirga kowane shiru.

Farfesa ta iso da hantsi, tana haki saboda 'yar tafiyar da ta yi daga bakin titi.

“Gwaggo, kin ƙi tsufa! Ni ce nake tsufa a madadinki.”

“Ke dai rage zama a mota,” in ji Gwaggo. Tafin hannunta sharkaf da gumi, ta goge a zani.

Rakodar yanzu ba ta fi akwatin ashana ba. Farfesa ta maƙala mata ita a wuyan riga, ta ce mutum goma sha ɗaya ne suka rage cikin arba'in ɗin, saboda haka muryarta ta ƙara daraja. Auta ta shiga kicin haɗa shayi, ta bar ƙofa a buɗe.

Aka fara da jerin kalmomi a takarda. Wannan da sauƙi, ido na gani baki na faɗa. Sai hoto: wani mutum yana gyaran rufin gida. Gwaggo ta faɗi mutumin, ta faɗi rufin, ta zo kan tsani ta tsaya cik. Tana ganinsa, ta san shi, jiya ma ta rubuta shi. Ta yi tari, ta nemi ruwa, ta ce hoton nan tun tana da haƙoranta duka ake nuna mata shi, jami'a ba ta da wani ne? Farfesa ta yi dariya ta juya shafi. Gwaggo ta saci kallon ƙofar kicin. Cokali kawai take ji yana kaɗawa a kofi.

“Saura na ƙarshe,” in ji Farfesa. “Ki ba ni labarin ranar da kika fi jin tsoro a rayuwarki. Kin san dalilinmu: mai ba da labarin tsoro yakan manta da tsaron bakinsa, sai mu ji ainihin yadda yake magana.”

Gwaggo ta gyara zama. Wannan labarin nata ne, sau uku tana ba da shi. Ta fara a hankali, da Turancin otal, kowace kalma a goge. Rana tsaka ce, baƙi suna barcin rana, wuta ta tashi a kicin ɗin otal. Manaja ya leƙo ya ce kowa ya fita. Ita kuwa ta dubi allon haɗa wayar mai rami sittin da biyu, ta san bayan kowane rami akwai mai barci. Ta zauna. Hayaƙi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ta jiƙa ɗankwalinta da ruwan shayi ta toshe hanci, ta dinga cusa igiya tana cirewa, ɗaki bayan ɗaki, tana cewa tashi, wuta, bi matakalar baya. Ɗaki na arba'in da bakwai ya ƙi ɗauka. Ta bar shi ta wuce, ta dawo, ta sake dawowa, fentin ƙofa yana tafasa, tana tunanin 'ya'yanta huɗu da ba su da kowa sai ita. A kira na tara wata mata ta ɗauka, da kukan jariri a bayanta.

Labarin ya zubo mata kamar an buɗe famfo. Ba tari, ba tsayawa, ba kalmar da ta nema ta rasa. Da ta kai ƙarshe ta jingina da kujera, daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa. Ta tsallake. A auna shirun, in an samu.

Farfesa ba ta kai hannu ta cire rakodar ba. Tana ta kallon takardar da ke cinyarta.

“Gwaggo, ban taɓa jin kin ba da shi da daɗi haka ba,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. “Ko za ki daure ki sake ba ni shi da Turanci?”

“Da me na ba ki yanzu?”

Auta tana tsaye a ƙofar kicin da tire a hannu.

“Tambaya nake. Da me na ba ki?”

“Da Hausa, Inna,” in ji Auta. “Tun daga inda hayaƙi ya shigo.”

Ba mantuwar ce ta firgita ta ba, wannan ta saba da ita. Abin da ya firgita ta shi ne ba ta ji lokacin da ya faru ba. Har yanzu a kunnenta Turanci ta yi, tsaf, daga farko har ƙarshe. Ta buɗe baki za ta yi barkwanci, babu. Ta nemi tari, shi ma ya ƙi zuwa.

Auta ta ajiye tiren a ƙasa, ta durƙusa a gabanta, ta riƙe mata gwiwoyi da hannu biyu. Hawaye na bin fuskarta, amma Gwaggo ta san fuskar nan tun tana goye, ta san an riga an yanke magana.

“Inna...”

“Na sani,” in ji Gwaggo. Ta kama hannun kujerar ta riƙe gam. “Amma ba yau ba. Don Allah, Auta, ba yau ba.”